Dakalin Tangaran

Sati biyu cur buhun nan yana rataye a zauren gidanmu, ba abin da ya shiga cikinsa sai murfin butar shayi guda ɗaya, shi ma ni na jefa. Na yi sanarwa a aji, na sa an faɗa a wajen adashi, na aiki yara gida-gida: duk mai fasasshen faranti ko kofin tangaran, kada ta kai bola, ta aiko. Kowa ta ce to, ba wadda ta aiko. Sai da wata maƙwabciyata ta ja ni gefe ta ce, "Malama, ke ma dai. Wa za ta yarda a ga kayanta sun cika buhu, a ce matar wane hannunta ba ya riƙe abu?"

Makarantar Islamiyyar matan aure ta unguwarmu, a cikin birnin Zariya, tana da famfon burtsatse a farfajiya. Mu muke alwala da shi, yaran unguwa kuma suke ɗiba. Jikin bango, dab da famfon, akwai wani tsohon dakali na siminti, tsawonsa bai wuce taku bakwai ba, ya yi baƙi da gansakuka, gefensa duk ya zaizaye. Nan tsofaffi suke zama kafin a shiga aji. An daɗe ana cewa a gyara, kuɗin ne babu.

'Yar yayata ce ta kawo maganar. Tana karatun zane-zane a Jami'ar Ahmadu Bello, can Samaru, ta zo mana hutun ƙarshen mako ta ga dakalin, ta ce, "Anti, wannan ai da fasasshen tangaran za a rufe shi." Ta buɗe waya tana nuna mana. Ga wani dogon wurin zama mai lanƙwasa kamar maciji a Park Güell, a birnin Basalona na Sifaniya, aikin Antoni Gaudi da abokin aikinsa Jujol, tsawonsa ya haura mita 100, duk an lulluɓe shi da gutsattsarin tayil da faranti. Ga gidan wani Bafaranshe mai sharar maƙabarta a garin Chartres, Raymond Isidore, wanda tun 1938 yake tsintar tangaran a juji yana liƙawa a bango da ƙasa, har gado da kujeru, kusan har mutuwarsa a 1964. Ga kuma Nek Chand na Indiya, ma'aikacin duba hanyoyi a Chandigarh, wanda ya yi shekara 18 yana gina lambunsa a ɓoye cikin daji da fasassun kofuna da awarwaro, hukuma ba ta gano ba sai 1975, aka buɗe wa jama'a a 1976. Ta ce sunan aikin mozayik.

Iya tana zaune a ƙarshen dakalin, carbi a hannu. Ita ce mafi tsufa a ajinmu na haddar Juz'u Amma, kuma ba ta son waya. Aka miƙa mata, ta nisanta ta da ido, ta duba, ta mayar. Ta ce, "Wannan ai daɓe ne. Daɓen tsingaro. Don wannan kuka taru kuna salati?"

Muka yi dariya muka wuce maganar. Ashe mu za a yi wa dariya.

Matsalar buhu Iya ce ta warware ta, ba da shawara ba. Ranar wata Asabar ta shigo makaranta da faranti a hannu, a fili, ba leda ba mayafi a kansa. Fari ne mai koren baki da siririn zaren ruwan zinariya, ya tsage gida biyu. Ta ce na jerenta ne, shi kaɗai ya rage, jikanta ya fasa shi tun shekaru, ta kasa zubarwa. Ta ajiye a gaban kowa. Kafin Laraba na nemi buhu na biyu. Ashe kowane gida akwai irin wannan: a ƙarƙashin gado, a saman kabad, a bayan randa, an naɗe a tsumma. Tangaran ɗin da ya fashe da kansa ana sharewa a zubar, amma wanda uwa ta saya wa 'yarta ranar jere, ko wanda aka zo da shi daga Makka, hannu ba ya iya kai shi bola.

Tantancewa ta ci mana yamma uku. Muka baje tabarma, muka zazzage. Ba duk abin da ake cin abinci a ciki ne yake shiga wannan aiki ba. Farantan roba masu kama da tangaran siminti ba ya kama su, muka ware. Kwanon samira da langa ƙarfe ne aka yi wa shafe, inda shafen ya ɓare tsatsa take ci, ga shi wurin ruwa ne. Na tuna dai yadda magina na da suke kafa irin waɗannan kwanoni a tsakiyar rufin soro, inda bakan gizo suka haɗu, har yau akwai su a tsofaffin gidajen birni, amma can sama ne, ruwa ba ya kai musu. Akwai kuma wasu farantan gilashi masu ƙarfi, waɗanda in ka buga sau ɗaya ba sa ko motsi, in ka ƙara sai su tarwatse gaba ɗaya kamar ƙanƙarar ruwan sama, ba ka samun gutsure ko ɗaya da za ka riƙe. Tsingaron tukunya da na tulu muka ajiye don jikin bango, saboda yana shan ruwa kuma yana cinyewa in ana zama a kai.

Abu biyu ne suka tsayar da mu. Na farko wani faranti mai hoton Ka'aba a tsakiya da ayoyi kewaye. Ba sai mun tambayi kowa ba, mun san ba a sa shi inda ake zama, amma mun kai wa Malam shugaban makaranta don a fita haƙƙi. Ya ce a mayar wa mai shi, ya ƙara da cewa duk zanen da za mu yi kada a sa siffar mai rai. Na biyu kofunan biki, irin waɗanda ake rabawa da hoton ango da amarya da sunayensu. Sun fi ashirin. Muka yanke cewa a fasa ta yadda fuska ba za ta fito ba, a ɗauki launin kawai. Wata daga cikinmu ta ɗaga wani kofi ta juya shi, nata ne, auren ya mutu shekara huɗu da suka wuce. Ta miƙo mini guduma ta ce, "Malama, ki fara ta wajen sunansa."

Fasa faranti da gangan yana da wuya fiye da yadda ake zato. Duk rayuwarka ana ce maka riƙe da kyau, yau an ba ka guduma. Karon farko sai da na rufe ido. Yadda muka koya shi ne a kifa farantin a cikin tsohon zani ninki biyu, a buga daga baya, bugu ɗaya mai kyau a tsakiya, sannan a buɗe a duba kafin a ƙara. In ka yi ta bugu a makance gari za ka samu. Daga nan sai filaya: a kama bakin gutsuren kaɗan, a matse, ya tsage inda ake so, ko kusa da nan. Zoben gindin faranti, wancan mai kauri da yake zama a kai, dole a gutsure shi a fitar, in ba haka ba zai yi tsini a cikin aiki. Tabarau mun aro wajen mai walda, guda biyu, muna karɓa-karɓa, don ɓarɓashin tangaran yana tsalle ya nufi ido. Bayan kowane zama sai mun share wurin sau biyu mun yayyafa ruwa mun sake sharewa, saboda yara ba takalmi suke shigowa.

Zane kuwa 'yar yayata ta yi shi da gawayi: dagi uku a saman dakalin, da jerin aska a gefe irin na wuyan babbar riga.

Daga nan muka yi wautar da har yau ake mana tsiya da ita. Muka ce ba ma buƙatar birkila, kuɗin da za mu ba shi gara mu ƙara siminti. Ranar Asabar da hantsi, cikin tsakiyar hunturu, muka kwaɓa rabin buhu a tashi ɗaya, muka shafa a kan tsohon dakalin yadda yake, busasshe, ƙura a kwance. Muka hau jera tangaran muna hira. Kafin mu gama dagi na farko kwaɓin ya fara ƙullewa, iska tana zuƙe ruwansa ta sama, tsohon simintin yana zuƙewa ta ƙasa. Sai muka riƙa ƙara ruwa muna dannawa da ƙarfi. Manyan gutsattsarin kofi, masu lanƙwasa kamar ɓawon ƙwai, muka kifa su haka nan saboda furanninsu sun yi kyau. Da la'asar muka tsaya muna kallo, muka ɗauki hoto, muka tura wa duk wanda muka sani.

Iya ta zo ta ƙwanƙwasa da ƙarshen sandarta. Ya ce ƙwal-ƙwal, kamar ƙwarya. Ba ta ce komai ba ta shiga aji.

Ranar Talata wata yarinya 'yar shekara shida ta zauna tana jiran jarkarta ta cika, wani gutsuren kofi ya rufta a ƙarƙashinta, bakinsa ya yanke ta a cinya. Ba a yi ɗinki ba, amma jini ya zuba, kuma uwar ta zo har gida. Ban ga laifinta ba. Ta ce, "Malama, da can dakalinmu mummuna ne, amma bai taɓa cin naman kowa ba." Na biya kuɗin kemis, na ba da haƙuri, daren nan ban yi barcin kirki ba. Washegari Malam ya ce ko dai a gyara cikin mako biyu ko a kankare a mayar yadda yake. Da muka sa cokalin gini a ƙarƙashi, aikin ya riƙa ɗagowa falle-falle kamar ƙanzo. Mata uku suka janye daga ranar.

Na je wajen Iya da daddare, na durƙusa na gaishe ta, na ce ta gaya mini yadda ake daɓe. Ta bar ni a durƙushe na ɗan lokaci, sannan ta fara.

Ta ce a zamaninsu in za a kai amarya, gayya ake yi. A zuba marmara a ɗaki, a baje, a yayyafa ruwa tun daren jiya don ƙasa ta sha ta ƙoshi. Da sassafe mata su jeru a durƙushe, kowa da madaɓinta, ana waƙa ana bugu a tare, har ƙasa ta kwanta. Masu son ado su jera tsingaro ƙanana-ƙanana, a bi da madaɓi a buga su su nutse su yi daidai da ƙasa. A jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a riƙa yayyafa ruwanta kwana da kwanaki har daɓen ya yi duhu ya yi ƙarfi. Ta ƙirga mini da yatsu: "Kun ɗora a kan ƙasa mai ƙishirwa. Kun yi da rana. Kun sa manya. Ba ku buga ba. Kun gama kun tafi kun bar shi ba ruwa. To me kuka yi daidai, 'yar nan?"

Abin da ya ba ni mamaki, da muka sauke girman kai muka kira Baba birkila, maganarsa da ta Iya ɗaya ce, kalmomi ne kawai suka bambanta. Ya farfasa fuskar tsohon simintin da guduma don ta yi kaushi, ya sa muka wanke da burushi har gansakuka ta fita, muka jiƙa shi ya kwana. Ya nuna mana awo: siminti ɗaya, yashi uku, yashin kuma a tankaɗe shi da rariya. Ya hana mu kwanon sarki gaba ɗaya. Ya ce, "Hajiya, ku ba gini kuke ba. Ku kwaɓa cikin kwanon sha, abin da za ku cinye kafin shayi ya huce. In ya fara ƙullewa ku zubar, kada ku ƙara masa ruwa, simintin da aka tasa daga barci ba ya riƙo." Kafin a ɗora kwaɓi, a shafa ruwan siminti tsararo a wurin. Ya kuma karkata saman dakalin kaɗan zuwa gaba, yadda ruwa ba zai kwanta ba, abin da ko a mafarki ba mu yi tunaninsa ba. Ya karɓi kuɗin yini ɗaya ya tafi.

Muka sake fasa komai. Gutsuren faranti mai shimfiɗa kada ya wuce rabin kwalin ashana, na kofi kuwa kada ya wuce farcen babban yatsa, don in ya yi ƙanƙanta haka lanƙwasarsa ba ta barin rami a ƙasa. Kowane gutsure sai an goga bakinsa a kan dutse da ruwa har kaifin ya mutu. Wannan ne aikin da ya fi cin rai, kuma 'yanmatan aji na yamma ne suka ɗauke mana shi. Suna zaune da'ira suna gugar tangaran suna bitar hadda, ƙarar dutsen tana bin karatun.

Muna fara aiki bayan sallar asuba, sanyi yana yankan hannu, mu tashi kafin rana ta kai farfajiya. A rana ba ma wuce faɗin dardumar salla rabi. Tsakanin gutsure da gutsure a bar rata kamar kaurin tsinken ashana biyu. In an jera tafin hannu huɗu ko biyar, sai Iya ta matso. Ta sa an nemo mata guntun katako mai santsi, ta ɗora a kan jerin, ta riƙa bugunsa a hankali da taɓarya guntuwa, mai kauri ya nutse sosai, siriri ya nutse kaɗan, duk su zo kai ɗaya. Nan sirrin yake, don tangaran ba tayil ba ne, kowane gida da kaurin nasa. Wata safiya tana bugu sai muka ji ta ɗauko waƙar daɓe ƙasa-ƙasa. Da ta ga mun yi shiru muna saurare ta tsuke baki ta ce a makaranta muke.

Gwajinta na ƙarshe shi ne gyale. Ta sa aka kawo tsohon gyale mai santsi, ta ja shi a kan aikin daga wannan kai zuwa wancan. Duk inda ya saƙale, akwai baki a tsaye, a cire a sake tun kwaɓin yana ɗanye. Idonka zai ce maka lafiya lau, tafin hannunka ma ya yarda, gyale ba ya yarda.

A mako na biyu launi ya ƙare mana. Tangaran yawancinsa fari ne, adon a baki kawai yake, sai ka fasa faranti guda ka samu shuɗi cikin cokali. Dagi na uku ya tsaya rabi. Na yi kuskuren faɗa a gaban yara cewa shuɗi muke nema, da yamma sai ga wani yaro da gutsattsarin faranti shuɗi shar, sababbi fil, ko maiƙo babu. Uwarsa ta biyo shi da muciya. Muka biya farantin daga kuɗin adashi, tunda an riga an fasa muka yi amfani da shi, kuma na sanar cewa daga yau ba ma karɓar komai daga hannun yaro sai da saƙon babba. Sauran muka cike da koren kwalba da ruwan ƙasa na wata tsohuwar butar shayi. Dagi na uku bai yi kama da 'yan'uwansa ba. 'Yar yayata ta ce shi ya fi kyau, ni dai har yanzu idona yana tsayawa a kansa.

Cike ratar da ke tsakani ya jawo gardama. Mata suka ce farin siminti, irin wanda masu tayil ke sawa a banɗaki, don ya fi tsabta a ido. 'Yar yayata ta ce mai duhu. Muka gwada a kan bulo biyu. Da farin, zanen ya ɓace, fari ya haɗu da fari sai ka ce an zubar da nono, kuma kowa ya san abin da jar ƙurar Zariya za ta yi masa cikin wata guda. Da siminti na gama-gari da yashi mai laushi, kowane gutsure ya fito da kansa. Ba wadda ta sake magana. Muka bar aikin kwana biyu ya kama, sannan muka cusa kwaɓin cikin ratar, muka jira ya ɗan sha iska, muka goge da jiƙaƙƙen soso, muka bi da busasshen tsumma. A nan na cire safar hannu don ina jin ba ta barina in ji aikin. Siminti ya cinye mini kan yatsu huɗu, fata ta saɓule, na yi mako ina shafa man kaɗanya, tuwo ma da cokali nake ci.

Sai ban ruwa. Muka rufe da jiƙaƙƙun buhuna da tsofaffin tabarmi, safe da yamma ana yayyafawa, kwana bakwai. Baba birkila ya ce siminti ba ya kai cikar ƙarfinsa sai ya kwana 28, amma bayan mako ana iya zama. Muka jera bulo da ƙaya a gaba don yara, Iya kuma ta ɗauko kujera 'yar tsugunno ta zauna gadi da sandarta.

Ranar da aka yaye tabarmin ba a yi wani taro ba, an dai dafa shayi. Abin da na lura shi ne ba wadda ta tsaya daga nesa ta kalli dagin da muka sha wahala a kansa. Kowa sunkuyawa ta yi tana bin gutsattsari da yatsa. Wannan na kakata ne. Wannan kofin sunan Abba ne. Wannan furen ai na gidan su wance ne, ashe ita ma tana da irinsa. Uwar yarinyar da ta yanke ta zo, ta shafa da hannu daga farko har ƙarshe, ta zaunar da 'yarta a kai, ba ta ce mini komai ba, ni ma ban nema ba. Koren bakin farantin Iya muka jera a ƙarshen dakalin, inda take zama, don haka in tana nan ba a ganinsa.

Damina ta zo ta wuce. Saman bai motsa ba, amma kusurwar da ke kusa da famfo, inda yara ke buga jarka in za su ɗora a ka, gutsure uku sun fita. Iya ce ta tsince su, ta ƙulle a bakin zaninta, ta kawo mini aji ta ajiye a kan littafin rajista. Baba birkila ya ce a wannan kusurwar kada mu mayar da tangaran, a yi mata dunƙulen siminti zalla mai zagaye. Mun sa ranar Asabar mai zuwa bayan asuba. Buhun zaure kuma ya sake cika ba tare da na yi sanarwa ba, ana maganar bangon bayan famfo, sai dai na zazzage na duba jiya, kusan duk fari ne.